Idan an ƙwace dabbar daji a hannun mutum, ina ake kai ta, wa ke ciyar da ita?

A ranar 24 ga Yulin 2024 Shugaba Paul Biya ya sa hannu kan sabuwar dokar dazuzzuka da namun daji ta Kamaru, wadda ta maye gurbin ta 1994 kuma ta tsananta hukunci kan masu kamawa da fataucin dabbobin da aka hana taɓawa. Wannan ya jefa masu 'yar dabbar daji a gida cikin ruɗani. A gidajen Hausawa na Garwa da Marwa da Ngaundere ba abin mamaki ba ne ka ga kunkuru yana yawo a tsakar gida tun zamanin kakanni, ko aku a keji, ko 'yar barewa da wani ya kawo wa yara tsaraba daga ƙauye. Shin duk waɗannan laifi ne? In kuma ma'aikatan daji suka zo suka ɗauke dabbar, ina za ta kwana a daren nan, kuma da kuɗin wa za ta ci abinci shekara goma masu zuwa? Tambaya ta biyu ita ce ba a cika yi ba, ita ce kuma ke kai mu ga maganar mafakar dabbobi.

Wurare huɗu da ake haɗa su a suna ɗaya

Da yawa duk inda aka ga dabba a bayan waya sai a ce gidan zoo ne. Akwai bambanci, kuma bambancin shi ke nuna wa za ka tunkara in matsala ta taso.

Gandun daji fili ne da gwamnati ta keɓe, dabbobi na rayuwarsu ba mai ba su abinci: Waza, Benuwe, Buba Njida, Faro, Kalamaluwe. Gidan zoo kuwa an yi shi don kallo da koyarwa, ana biyan kuɗin shiga. Na Garwa yana cikin guda uku da ma'aikatar dazuzzuka da namun daji ke riƙe da su, sauran biyun suna Mvog-Betsi a Yawunde da kuma Limbe. Na uku shi ne shingen da ofishin magajin gari ke tsare dabbobin gida da aka kama suna yawo a titi ko suna ɓarna, abin da masu jin Faransanci ke kira furiyar. Mai dabba ya biya tara ya karɓi abinsa.

Mafaka, ko cibiyar ceto, ita ce ta huɗu. Tana karɓar dabbar da aka ƙwace a hannun mafarauta ko 'yan fatauci, da wadda aka tsinta da rauni, da marayar da aka kashe uwarta. Ba ta saye, ba ta sayarwa, kuma cibiyoyin da suka san aikinsu ba sa barin dabbobin su yi ta hayayyafa don cika keji. Burinta dabbar ta warke ta koma daji in hakan zai yiwu, in ba zai yiwu ba ta ƙare rayuwarta cikin kulawa.

Bahaushe bai rasa makamancin wannan ba a gargajiyance. Akuyar da ta ɓata ana kai ta gidan mai unguwa ko jauro, a ɗaure ta, a yi cigiya a masallaci da kasuwa har mai ita ya zo da shaida. Sai dai akuya tana da mai nemanta, kuma harawa ta ishe ta. Ɗan biri da aka ƙwace a tasha ba shi da mai zuwa nemansa.

Abin da doka ta tanada

Kamaru ta kasa namun dajinta aji uku. Ajin A su ne masu cikakkiyar kariya, ba a kashe su, ba a kama su ko ajiye su sai da izini na musamman. A nan zaki yake, da damisa, da raƙumin dawa, da manyan birai irin su gorila da cimpanzi, da ɗankunya, da aku mai jan wutsiya. Ajin B ana iya farautarsu da lasisi. Ajin C su ne sauran, waɗanda aka sassauta amma ba a sake su sakaka ba. Ma'aikatar ce ke fitar da jerin sunayen, kuma takan sabunta shi, don haka dabbar da ba ta da matsala a da tana iya hawa aji.

Tun a dokar 1994 akwai wani sashe da mutane ba su sani ba, sashe na 101: duk wanda aka samu da dabba mai kariya, da rai ko a mace, ko wani ɓangare nata kamar fata ko haure, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kama ta ko ya kashe ta. Ma'ana "saya na yi" ko "ba ni aka yi" ba sa wanke mutum kai tsaye. Hukuncin kashe dabbar da aka haramta a wancan lokacin shi ne ɗaurin shekara 1 zuwa 3, ko tarar sefa miliyan 3 zuwa 10, ko duka biyun. Waccan dokar ta kuma yi uzuri ga wanda ya kashe dabba don kare ransa ko dabbobinsa ko gonarsa cikin gaggawa, da sharaɗin ya sanar da ma'aikatan daji cikin awa 72. Dokar 2024 ta ɗaga hukuncin sama da haka.

Daga waje kuma akwai yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. A taronta na 2016 a Johannesburg aka saka aku mai jan wutsiya da dukan nau'o'in ɗankunya a jerin da aka hana cinikinsu. Wanda ke ɗaukar aku daga kudu ya bi da shi ta Kuseri zuwa Injamena, ko ya tsallaka da shi Mubi, ya taka doka biyu ke nan.

Yadda aka kai ga haka

Arewacin Kamaru ya yi asarar da ba ta dawowa. Nan ne mazaunin ƙarshe na baƙar karkandar yammacin Afirka. Binciken 2006 bai samu ko ɗaya ba, a 2011 aka ayyana cewa ta ƙare a duniya. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da manyan bindigogi suka shiga Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure, har sai da gwamnati ta tura sojoji. A Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya su bakwai a kusa da Waza, daga nan 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, kuɗin shiga ya ja baya, tsaron gandun ya ƙara wuya. A gandun dajin Zakuma na Chadi giwaye sun sauko daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010, kafin ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamar wurin a shekarar, adadin ya fara farfaɗowa.

Kowace irin wannan farauta tana barin marayu. Uwar ake so saboda nama ko fata ko haure. Ɗan da ke manne da ita shi ake kawowa gari a sayar. Tun 2003 ƙungiyar LAGA ke aiki da ma'aikatar wajen kama 'yan fatauci da gurfanar da su, kuma duk kamen da aka yi da dabba mai rai yana nufin sai an nemo mata wurin zama.

Fitattun wuraren nan a kudu suke. Cibiyar Limbe ta fara aikin ceto a 1993, akwai ta Mefu kusa da Yawunde da Ape Action Africa ke gudanarwa, da Sanaga-Yong ta cimpanzi da aka kafa a 1999. An gina su ne saboda birai da tsuntsayen kurmi. Daga Garwa zuwa Yawunde ya haura kilomita 1,000, kuma barewa ko jimina ko gauraka da ta saba da busasshiyar iskar Sahel ba lallai ta jure laimar Limbe ba. Abin ban mamaki shi ne arewa ba ta rasa masana ba: Makarantar Namun Daji ta Garwa tun 1970 take horar da ma'aikata daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ga cibiyar LANAVET a Bokle da ke haɗa alluran rigakafin dabbobi, ga makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Ngaundere. Abin da ke ƙaranci shi ne keji da abinci da albashin mai shara.

Shekara guda a irin wannan gida

Aikin mafaka a wannan yankin yanayi ne ke tsara shi, kamar noma.

Daga kaka zuwa hunturu ciyawa ta bushe, ana cinna wa daji wuta, hanyoyin da damina ta rufe sun buɗe. Dabbobi na taruwa a 'yan tafkunan da suka rage, wanda ya sauƙaƙa wa mafarauci aiki. Lokacin ne kuma gwamnati ke buɗe farautar lasisi a yankunan da aka ba 'yan kasuwa haya a kewayen Benuwe da Faro da Buba Njida. Dabbar da ta iso mafaka a wannan lokacin sau da yawa tana zuwa da ƙuna, ko da wayar tarko a ƙafa, ko da igiya ta ci mata ƙugu saboda an ɗaure ta tun tana ƙarama ta girma a cikin ɗaurin.

Farkon abin da ake yi wa sabuwar zuwa shi ne killacewa, makonni ko watanni, nesa da sauran. Dalilin ya shafi mutane kai tsaye: biri na ɗaukar tarin fuka daga mutum, yana kuma iya mayar masa da shi da wasu cututtukan. Ana ɗibar jini, a duba kashi, a ba da maganin tsutsa. Jariri kuwa sai an samu mai ba shi madara dare da rana, kowane 'yan awoyi, kamar jinjirin mutum. Ma'aikaci guda na iya shafe watanni a kan dabba ɗaya.

Sai bazara, Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40. A nan kasafin kuɗi ke karyewa. Harawa da dusa da angurya sun yi tsada domin masu kiwo ma su suke nema, musamman in babbar salla ta matso ana turke raguna. Ruwa ya zama aiki: na sha, na wanka, na wanke keji. Masu cin nama ba sa jin uzuri. Zaki ɗaya na buƙatar kilo da dama na nama a kowace rana, ko an samu tallafi ko ba a samu ba. In wuta ta ɗauke, allurar da ke cikin firji ta lalace.

Damina na kawo sauƙin ciyawa, ta kawo nata nauyin: kaska, ƙudan tsando a wasu wuraren, gudawa, katangar da ruwa ya ci. Ambaliyar 2024 da ta mamaye Yagwa da gaɓar Lagone da sassa da dama na Chadi ta nuna wani ɓangaren aikin da ba a shirya masa ba, domin dabbobin gida ne suka fi halaka, kuma masu su na sansani ba inda za su ɗaure abin da ya tsira. Daminar ce kuma lokacin da giwaye ke fita daga Waza su bi ta gonakin dawa, manomi ya wayi gari noman shekara ya tafi a dare ɗaya.

Tsakanin waɗannan akwai aikin da ba ya fitowa a hoto: rubuta tarihin kowace dabba, ajiye ta a matsayin shaida har kotu ta yanke hukunci, karɓar 'yan makaranta, da rubuta rahoton shekara ga masu ba da tallafi. Yawancin kuɗin cibiyoyin kudu daga ƙasashen waje yake zuwa, abin da ya sa annobar korona a 2020 ta girgiza su sa'ad da baƙi da masu aikin sa kai suka daina zuwa.

Wani lissafi da ya kamata mai karanta irin wannan rahoto ya riƙe: adadin dabbobin da aka karɓa a shekara ba ya nuna nasara shi kaɗai. Cimpanzi na rayuwa shekara 40 zuwa 50, babban kunkurun Sahel yana wuce 50. Wanda aka karɓa bana bashi ne da za a yi ta biya har ma'aikacin da ya karɓe shi ya yi ritaya.

A saki, a ajiye, ko a kashe

Ƙa'idojin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, sun ba da hanyoyi uku ga dabbar da aka ƙwace, kuma kowace tana da masu goyon baya.

Mayarwa daji ita ce kowa ke so ya ji. Ta yi aiki da aku: Limbe ta karɓi fiye da dubu da aka kama za a fitar da su waje, ta yi jinyar fukafukansu, ta saki da yawa. A Chadi an dawo da mariri zuwa Wadi Rime-Wadi Ashim tun 2016 da taimakon Abu Dhabi, bayan ya ƙare a daji, har a Disambar 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ɓace a daji. Amma a Chadin dai, daga cikin karkanda shida da aka kawo Zakuma daga Afirka ta Kudu a 2018, huɗu sun mutu cikin 'yan watanni. Dabbar da ta girma a hannun mutum kuma ba ta tsoron mutum. In an sake ta, gona ko rugar farko da ta gani za ta nufa.

Masu ra'ayin ajiyewa har abada na cewa rai rai ne, kuma dabbar na zama abin koyarwa ga yara. Masu suka na cewa keji na cika, kuɗin da ake kashewa kan dabba ɗaya zai biya masu gadin daji da za su kare ɗari. Hanya ta uku, kashe dabbar da ba ta warkewa ta hanyar da ba za ta wahala ba, likitoci na ganin wani lokacin ita ce jinƙai, jama'a kuwa kan ɗauke ta a matsayin cin amana: an ƙwace a hannun mai ita don a kashe?

Muhawarar da ta fi zafi

A yankin da 'yan gudun hijira suke a Minawawo, asibitoci ke ƙarancin magani, akwai masu ganin kashe miliyoyi kan birai rashin sanin ciwon kai ne. Manomin da giwa ta cinye wa gona ko masuncin da dorina ta kife wa jirgi a Benuwe yana da hujjar tambaya me ya sa ake gaggawar zuwa in dabba ta ji rauni, a yi jinkiri in shi ne ya yi asara. Masu wasa da kura da birai da macizai, waɗanda suka gaji sana'ar, su ma na ganin doka ta zo ta rufe musu hanyar abinci ba ta buɗe wata ba. Haka masu sayar da sassan dabbobi don maganin gargajiya.

Ɗaya ɓangaren na amsawa da cewa kuɗin da ake bayarwa don dabbobi ba daga aljihun asibiti yake fitowa ba, masu ba da shi don wannan suka ware, in an ƙi karɓa wata ƙasa zai tafi. Suna ƙara da cewa mafaka na ɗaukar ma'aikata, tana sayen kayan lambu da harawa da nama a hannun maƙwabta duk shekara, kuma in babu inda za a kai dabba, ma'aikacin daji sai ya kau da kai, dokar ta zama takarda. Malamai a tsakaninmu kan tunatar da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Waɗannan sun yi magana kan haƙƙin dabba a kan wanda ya tsare ta, ko mai gida ne ko hukuma. Ba su raba gardamar wane ne zai biya manomi ba, kuma a kan wannan ne ƙorafin ƙauye ya fi ƙarfi.

Kare da jaki

Inda aikin kula da dabbobi ya fi taɓa talaka shi ne dabbobin da ke cikin gari. Haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a duniya, kusan duka daga cizon kare, yara kuma na da kaso mai yawa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan ba mai tashi. Hanyar da aka saba ita ce in an ciji wani a bi karnukan unguwa da sanda ko guba, bayan 'yan watanni wasu su maye gurbinsu. Injamena ta gwada wata hanyar a 2012 da 2013: allurar kyauta unguwa-unguwa, da haɗin gwiwar cibiyar binciken dabbobi ta ƙasar da masana daga Suwizalan, aka yi wa sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin a kowace shekarar. Cutar ta ɗauke na tsawon watanni, sannan ta dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga waje. Kuseri gadar Ngeli ce kawai tsakaninta da Injamena, don haka rigakafin gari ɗaya ba ya ɗorewa in maƙwabcinsa bai yi ba.

Kurkunu ma ya koma jikin karnuka. A 2012 aka fara ganinsa a karnukan Chadi, a 2019 ya kama kusan 2,000, ya kuma ɓulla a yankin Gere na Mayo Danai. Maganin da aka samu shi ne mai kare ya ɗaure shi a lokacin da tsutsar ke fita, a taimaka masa da abincinsa, a riƙa binne kayan cikin kifi. Wato gidan mai kare ne ya zama wurin killacewa, ba tare da an gina ko bulo ɗaya ba.

Jaki kuwa fatarsa ce ta jawo masa, saboda wani magani da ake yi da ita a ƙasar Sin. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa da hana yanka jakuna don fata. Aiwatarwa na hannun kowace ƙasa. In aka tare mota cike da jakuna a kan iyaka, matsalar ɗan birin nan ce ta dawo, sai dai wannan karon baki hamsin ne ke jiran ruwa da harawa.

Abin da ya shafi mai gida

Wanda ke da dabbar daji a gida, matakin da ya fi masa sauƙi shi ne ya je ofishin ma'aikatar dazuzzuka na yankinsa ya tambayi ajin da take, kafin a zo a same shi da ita. In ya miƙa ta, ya nemi takardar shaidar miƙawa mai ɗauke da kwanan wata da hatimi. Kai ta bayan gari a sake ba mafita ba ce: wadda ta saba da tuwo ba ta iya neman abinci, kuma tana iya kai cuta ga na daji. Sayen ɗan dabba a tasha don tausayi yana ƙara wa mai sayarwa ƙwarin gwiwar komawa ya kamo wani.

Maganar kare da jaki da sauran dabbobin gida kuwa ta ma'aikatar kiwo ce da ofishin magajin gari. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma lokaci ne mai kyau na tambayar likitan dabbobi ko akwai allura. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana 10 zuwa 15 maimakon a kashe shi nan take, domin halin da ya shiga a kwanakin nan yana taimaka wa likita ya san ko za a ci gaba da alluran.